Ido kallo yake, ba umarni ba

Wani marubuci ya ce nan gaba da ido kawai za a riƙa gangara shafi a kwamfuta, a jefar da linzamin kwamfuta (mouse). Da sauran rina a kaba. Abin ma ba sabo ba ne, tun 2017 Windows 10 ke da shi, amma sai an sayi na'urar bin motsin ido irin ta kamfanin Tobii an manna ta a ƙasan allo. Wani haske take harbawa wanda ido ba ya gani, kyamararta ta auna ƙyallinsa da tsakiyar baƙin ido. Shi ya sa rana ta taga ko ƙyallin tabarau ke rikita ta. Zama kuma kusan santimita 60 daga allo, ka zame sosai a kujera sai ta daina ganin idonka. Babbar matsalar ita ce da ƙura ido ake dannawa, sai ka tsaya kan kalma kana tunani, ita kuma ta ɗauka dannawa ce, dole a tsawaita lokacin ƙura ido, aiki ya yi nawa. Malam da ka ce tana rage gajiya, ka taɓa ƙura ido a hunturun Jos, ido a bushe? Masu shanyewar jiki ne take wa rana, su kuma wa zai saya musu?