A faɗa mana mutum nawa ke jiran shari'a a gidan kaso

Jama'ar Maraɗi, akwai tambayar da ya kamata kowa ya samu amsarta ba sai ya san wani babba ba: mutum nawa ne ke tsare a gidan kaso alhali alƙali bai yanke musu hukunci ba, kuma tun yaushe?

Rahotanni kan gidajen kason Nijar sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin fursunoni masu jiran shari'a ne. Amma wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Ni na Maraɗi nake son gani, da na Tasawa, Dakoro, Gidan Rumji da Madarunfa, kowace kotu da nata.

Kuma ba wani sabon aiki ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin magatakardan kotu ya ga manyan rajistocin nan da bangonsu ya yi baƙi don shan hannu. Ranar kamu na ciki, da laifin da ake tuhuma, da ranar da aka tura mutum kaso. Tattarawa ce kawai ba ta isowa ga talaka. Doka ta ce awa 48 ake riƙe mutum a komisariya ko wurin jandarma, ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara. To wa ke ƙirga sau nawa aka zarce?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyaye mata da ke tahowa daga ƙauye da kwanon tuwo ƙunshe a tsumma, sun sayar da kaza sun yi kuɗin mota. Ka ce, "Inna, yaushe ne zaman kotu?" Sai ta ce, "Ɗana, an ce mu yi haƙuri." Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali a shari'a, ga shi kuma yawancin lauyoyi a Yamai suke zaune. Ina so in san mutum nawa aka gurfanar a nan ba tare da mai kare su ba.

Ban ce a baza sunayen mutane ba, Allah ya kiyaye, wani wanke shi za a yi gobe. Adadi kawai. Su ma alƙalai masu gaskiya zai amfane su, don za a ga tulin ƙararrakin da ke gaban alƙali ɗaya, a daina yi musu kuɗin goro.

Duk wata uku a liƙa lissafin a ƙofar kotu, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa, tunda yawancin masu ƴan uwa a ciki ba sa karanta Faransanci.