Wai gobara ce ta sa aka rufe gidan tarihin Gulag

Tun watan Nuwamban 2024 da hukumomin Mosko suka garƙame gidan tarihin Gulag, wato sansanonin aikin dole na zamanin Tarayyar Sobiyet, wai don bai cika ƙa'idar kariya daga gobara ba, nake ta jin wasu na cewa ai ba komai, Rasha ba ta ɓoye tarihinta, ba ga Putin da kansa ya buɗe katangar tunawa da waɗanda aka zalunta a zamanin Sobiyet, a shekarar 2017 ba? Haba jama'a. Ku duba katangar nan da kyau, babu sunan wanda aka kashe balle na wanda ya kashe shi, kuma abin da gwamnati ke so kenan, a yi kuka amma kar a tambayi waye ya ɗana kunamar bindiga.

A Sandarmokh ne aka yi wannan tambayar. Daji ne a yankin Kareliya da ke arewa maso yammacin Rasha, a 1997 mai binciken tarihi Yuri Dmitriev da mutanen ƙungiyar Memorial, mai bin diddigin zaluncin zamanin Sobiyet, suka gano ramukan gawarwakin da ke cikinsa, suka bi takardun 'yan sandan ciki na NKVD har suka fito da sunaye sama da 6,000, ciki har da fursunoni 1,111 da aka kwaso daga sansanin Solovki aka harbe su cikin 'yan kwanaki a ƙarshen 1937, da sunan hafsan da ya jagoranci aikin, Mikhail Matveev. To me ya biyo baya? Dmitriev na ɗaure shekara 15 kan tuhumar da magoya bayansa ke cewa sharri ne, kotu ta rushe Memorial a Disamban 2021, sannan ƙungiyar tarihin soja da ke jikin gwamnati ta shigo dajin a 2018 da shebur wai tana neman sojojin Sobiyet da 'yan Finland suka harbe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wato a kawo baƙo a ɗora masa gawa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, takardun kisan suna nan da kwanan wata da sa hannu.

Masu cewa ai Turawan yamma ma sun yi nasu, an ji, sai dai wannan bai cike ko rami ɗaya ba.

Ni dai a ganina jami'o'i da ɗakunan karatu na waje su kwafi jerin sunayen nan su baza a intanet da harsuna da yawa, tun kafin a ce su ma suna iya kama wuta.