Makullin banɗaki yana wajen oga

Ranar Talata na kwashe awa uku a layi a wani ofishin gwamnati, takarda ɗaya tal nake so a sa min hannu. Ina zaune a benci sai na ji al'ada ta zo, kwana uku kafin lokacinta. Kowace mace ta san irin wannan faɗuwar gaban. Na ja hijabi na rufe bayana, na lallaɓa wajen masinja.

"Baba, don Allah ina banɗakin mata?"

"Hajiya, makullin na wajen oga, ya fita salla."

Ƙarfe sha ɗaya na safe! Sai dai in walaha ce.

Da ƙyar aka buɗe. Famfo ƙaf, buta a fashe, ko kwandon shara babu, balle audugar mata. Wata dattijuwa mai shara ce ta lura da ni, ta yagi gefen tsohon zaninta ta miƙo: "Ungo 'yata, yi ƙunzugu." Ita da albashinta bai taka kara ya karya ba ta rufa min asiri, ginin da janareta ke ruri don sanyaya ofishin darakta ya kasa.

Kada wani ya ce min abin ba ya yiwuwa. A Nuwamba 2020 majalisar Sikotland ta amince, ba hamayya, a riƙa bayar da audugar kyauta, kuma tun Agusta 2022 wajibi ne ƙananan hukumomi da makarantu su ajiye ta ga duk mai buƙata. In kun ce ai can Turai ne, to Kenya fa? Tun 2004 ta cire mata haraji, a 2017 kuma doka ta ɗora wa gwamnati raba ta ga ɗalibai mata a makarantunta.

Mu nan Najeriya an cire harajin VAT a kan audugar da ake yi a cikin ƙasa a 2020. Sai me? Daga 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, mai 'yan mata huɗu a gida sai ta zaɓa: ko fakiti ko cefane. Sai 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, ta zagayo a tara yara a rumfa, a ba kowacce fakiti ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Jinin sau ɗaya yake zuwa a shekara ne?

Da na fito har layina ya wuce. Wai in dawo Alhamis.