Jaririn da bai yi kuka ba, da mintin da muke ɓatawa

A garuruwanmu na Bauchi, idan jariri ya faɗo shiru, jiki saɓule, abin da aka saba yi sananne ne. Wata ta yayyafa masa ruwan sanyi, wata ta riƙe shi ta ƙafafu, kai ƙasa, tana bubbuga masa baya, wata ta ɗauko kwano tana kaɗawa kusa da kunnensa. Idan an jima bai motsa ba, sai a naɗe shi a zane a ce bai zo da rai ba. Babu mai yin haka da mugun nufi. Amma da yawa cikin waɗannan jarirai zuciyarsu na bugawa a lokacin da aka haƙura da su. Numfashi ne kawai ba su fara ba.

A ciki, jariri na samun iskar oksijin daga jinin uwa ta mabiyiya da cibiya. Duk abin da ya datse wannan hanya kafin huhunsa ya karɓi aiki, ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Doguwar naƙuda ce kan gaba a wurinmu, musamman ga mai haihuwar fari da kunya ta hana ta faɗa da wuri, ko wadda aka zauna jiran maigida ya dawo ya ba da izinin fita. Akwai hawan jinin ciki da jijjigar da ke biyo shi, da mabiyiya ta saki kafin haihuwa, da cibiya ta riga jariri fitowa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda muke jawowa da hannunmu: allurar naƙuda da ake yi wa mace a gida ko a kyamis, da jiƙe-jiƙen "sauƙin haihuwa". Suna sa mahaifa ta matse ba sassauci, alhali a ɗan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo ne jini ke komawa ga jariri.

Gane matsalar ba ya buƙatar babbar na'ura. Ungozomar da ke sauraron bugun zuciyar jariri duk rabin awa ta san ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti. Idan ya sauka, ko faya ta fashe ruwan ya fito kore da kashin jariri, ta san lokacin neman likita ya yi. Bayan haihuwa akwai awon da Dakta Virginia Apgar ta Amurka ta fito da shi a 1952: a minti na 1 da na 5 a duba launi, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki da motsi, a ba da maki daga 0 zuwa 10. Jaririn da ya wahala kuma yana nuna alama a kwanakin farko: ƙin kama nono, barcin da ya wuce kima, jijjiga.

Kusan jariri ɗaya cikin goma na buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma yawancinsu abin da suke so kaɗan ne. A goge shi da busasshen zane, a murza bayansa, a ɗumama shi. Idan bai numfasa ba, kafin minti ɗaya ya cika a ɗora masa 'yar jakar robar nan da ma'aikata ke kira ambu, a riƙa hura masa iska wajen sau 40 a minti. Ba ta buƙatar lantarki, kuma ga jaririn da watanninsa suka cika, iskar ɗaki ta isa a fara da ita. Tun 2010 ake koyar da wannan a ƙasashe masu tasowa ƙarƙashin shirin Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su numfasa.

Wani zai ce ai a Turai sanyaya jaririn ake yi. Gaskiya ne, ana saukar da zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa, kuma yana rage lalacewar ƙwaƙwalwa a can. Sai dai binciken HELIX da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Indiya, Siri Lanka da Bangladesh, ya nuna sanyayawar ba ta rage nakasa ba a waɗannan ƙasashe, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Don haka kada wanda ya ji labarin ya ɗauka ruwan randa magani ne. Sanyi kashe jariri yake yi.

Shi ya sa nake ganin mun karkata inda bai dace ba. Muna murna da sabon gini da fenti, amma ba ma tambayar wa ke kwana a ɗakin haihuwa. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da babban asibitin tarayya na Azare za su iya ba jariri oksijin, su daidaita sukarin jininsa, su tsayar da jijjiga da magani. Ba za su iya dawo da mintocin da suka wuce a wani ƙauyen Ningi ko Alƙaleri ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 ke rasuwa a Najeriya kafin su cika wata guda, kuma rashin numfashi yayin haihuwa na cikin manyan dalilai uku.

Waɗanda suka rayu da raunin kuwa muna ganinsu: yaron da ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, ana kiransa ɗan ruwa, ana yawo da uwarsa gidan masu magani, wani lokaci har a ɗora mata laifi. Gashin ƙashi yake buƙata, da maganin farfaɗiya idan yana jijjiga, kuma da wuri.

Ƙananan hukumomi 20 ne a jihar nan. Ya kamata gwamnati ta iya faɗa mana, asibiti bayan asibiti, ina ne ke da ambu mai aiki, ina ne ke da ungozoma da dare, kuma yaushe aka sake horar da ita, domin hannun da bai maimaita ba yana mantawa. Mu kuma magidanta, izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a bayar tun cikin na wata bakwai, a sanar da uwar miji da maƙwabta cewa an bayar.