Hoton da manhaja ta zana maka, naka ne?

Na gaji da jin ana cewa duk hoton da ka haɗa da Midjourney, manhajar da ke zana hoto bisa umarnin da ka rubuta mata, haƙƙin mallakarsa naka ne, tunda kai ka rubuta umarnin, ka kuma biya kuɗi. Akwai hankali a zancen, amma a Amurka doka aikin ɗan Adam kaɗai take karewa. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi yi wa hoton da wani mai suna Jason Allen ya haɗa da Midjourney rajista, duk da ya ce ya gyara umarninsa sau 624, domin manhajar ce ta tsara yadda hoton ya fito. Kana iya sayar da hoton, amma hana wani kwafarsa zai yi wuya. Abin da ka ƙara da hannunka kam, wannan naka ne.