Aikin wata uku a daren ƙarshe

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mesa, wato manhajar da ke sa katin hoto na kwamfuta ya yi aiki a Linux (wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta), sau 4 ake fitar da sabuwarta a shekara, kuma tun da wuri ake sanar da ranar rufe karɓar sabon aiki daga masu rubuta ta. Bayan ranar, sai gyaran kuskure kawai. Kowa ya san haka.

To don me mutum zai zauna a kan aikinsa wata uku, sai ana jajiberin rufewa ya jibgo shi gaba ɗaya, yana roƙon a yi sauri a duba?

Ni ɗan sa-kai ne, gwaji nake yi a nan Jidda bayan na tashi daga shago. Daren nan tun bayan Isha'i nake gaban tsohuwar kwamfutata, fankarta na kuka, allon na ƙiftawa, shayina ya huce. Har Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, ba za ka kwanta ba?"

Wallahi da ya turo kaɗan-kaɗan tun farko, da tuni mun gano inda ya karkace. Yanzu ko a karɓa da ɓaraka, ko a jira wasu wata ukun.