Raƙumin Alhaji

Saura kwana tara Babbar Sallah wani Alhaji mai sayar da shinkafa a Ƙofar Ƙwaya, cikin Katsina, ya ba ni aikin talla. Yana son raƙumi na katun, ɗauke da buhunansa, yana sukuwa irin ta dawakin hawan Sallah a Ƙofar Soro. Na karɓi kafin alƙalami ban ko yi tari ba.

Doki mai sukuwa ina da shi a kwamfuta tun bara. Raƙumi kuwa a intanet na sauko da shi, tsaye ƙiƙam. Abin da ya rage a kwashe motsin doki a ɗora wa raƙumi. Wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka sun yi haka tun 2004, doki zuwa raƙumi ma kuwa, amma da hannu suka fara dasa ɗigogi: ga gwiwar wannan, ga ta wancan. Ni ina zan iya wannan wahala? Na bar wa manhaja ta haɗa su da kanta.

Dabarar farko tsohuwa ce, ta 1992: kowane ɗigo a jikin doki ya nemi wanda ya fi kusa da shi a jikin raƙumi, a matsa, a sake nema. Auren gida ke nan. Ashe raƙumin baya ya ba dokin, ban lura ba. Wutsiya ta gaji aikin kai, tana jinjina, dogon wuyan nan kuma yana korar ƙuda.

Na koma wa dabarar da ke auna tazara a bisa fatar dabba. Kai ya koma kai, alhamdu lillahi. Sai dai ita ba ta san dama da hagu ba, don a lissafinta ɓangarorin biyu tagwaye ne. Ƙarfe biyun dare ne, barci ya ci ƙarfina, na sa aikin ya fita ban duba ba.

Da safe muka buɗe a shagon Alhaji, yaransa sun kewaye mu. Raƙumi ya harɗe ƙafafu kamar mai shirin cin tuwo, ya tafi sukuwa a haka, buhuna na tsalle.

Alhaji ya daɗe bai ce uffan ba.

"Malam, wanga raƙumin mi ya ci?"

"Ranka ya daɗe, lissafi ne ya..."

"Sauke min buhunana tukuna, kar mutane su ce shinkafar ce."